Final Fantasy VII: Wasan Japan da ya sa duniya kukan mutuwar mai sayar da furanni

A ranar 31 ga watan Janairun 1997, kamfanin Square da ke birnin Tokyo ya fitar da wani wasan bidiyo a kan faifan CD guda uku. Kafin a cika kwana uku an sayar da kwafi sama da miliyan biyu a cikin Japan kaɗai. Sunan wasan Final Fantasy VII, kuma har yau, bayan fiye da shekara 25, ana ci gaba da muhawara a kan labarinsa, ana kaɗa kiɗansa a manyan zaurukan Turai, kamfanin da ya ƙirƙire shi kuma yana sake gina shi daga tushe.

Ga mai karatu da ya san PlayStation ta hanyar wasan ƙwallon ƙafa ko na dambe, wannan wani fage ne daban. Ba a gama shi a zama ɗaya. Labari ne mai tsawo da kan ci wa mutum kimanin sa'o'i 40, kuma wanda ya riƙe abin sarrafawa shi ne ke jan ragamar jaruman. A sani cewa wannan maƙala ta bayyana wasu muhimman sirrin labarin.

Wane irin wasa ne?

Final Fantasy VII na cikin rukunin wasannin da ake kira RPG, wato waɗanda mai wasa ke shiga rigar wani jarumi, ya yi tafiya da shi gari-gari, ya yi magana da mutane, ya sayi makamai, ya yi yaƙi, ƙarfinsa na ƙaruwa da kaɗan-kaɗan. Asalin wannan salo daga Amurka yake, daga wasan tebur na Dungeons & Dragons da ya fito a 1974, da wasannin kwamfuta irin su Ultima da Wizardry na farkon shekarun 1980. Japanawa suka ɗauka suka sauƙaƙa shi, suka ɗora shi a kan na'urar da ake jonawa da talabijin, sannan suka ba labari fifiko. Dragon Quest na kamfanin Enix ya share fage a 1986, Final Fantasy na farko ya biyo baya a watan Disamban 1987 a ƙarƙashin jagorancin Hironobu Sakaguchi.

Kowane Final Fantasy mai lamba yana da duniyarsa da jarumansa, don haka ba sai an buga na shida ba kafin a fahimci na bakwai. Na farko-farkon sun fi karkata ga sarakuna da fadoji da dodanni. Na shida, wanda ya fito a 1994, ya shigo da injuna masu tururi. Na bakwai kuwa ya tsunduma gaba ɗaya cikin duniyar da ta haɗa kimiyya da tatsuniya: akwai jirgin ƙasa da babur da bindiga da roka, akwai kuma sihiri da takobin da ya kusa kai tsawon mai riƙe da shi.

Abin da labarin ya ƙunsa

Labarin ya fara ne a Midgar, wani katafaren birni mai hawa biyu. Masu hali na zaune a kan wani faffaɗan faranti na ƙarfe da aka kafa a sama, talakawa kuwa na ƙarƙashinsa, a unguwannin da rana ba ta leƙawa. Mai mulkin birnin ba sarki ba ne, ba kuma zaɓaɓɓiyar gwamnati ba. Kamfanin lantarki ne mai suna Shinra, wanda ke da sojojinsa da 'yan leƙen asirinsa da ɗakunan bincikensa.

Arzikin Shinra ya dogara ne a kan wani makamashi da ake kira Mako, wanda tashoshi takwas da ke kewaye da birnin ke zuƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. A tsarin labarin, Mako shi ne ruhin duniyar kanta: wani kogi na rai da duk abin da ya mutu ke komawa cikinsa, duk abin da za a haifa kuma ke fitowa daga gare shi. Kowane ƙwan lantarki da aka kunna a Midgar yana rage wa ƙasa kwana. Shi ya sa duk filin da ke kewaye da birnin ya bushe ƙurmus.

Mai wasa na shiga labarin ne a matsayin Cloud Strife, wani sojan haya mai ƙarancin magana da ke cewa shi tsohon ɗan rundunar zaratan Shinra ne. Wata ƙaramar ƙungiya mai suna Avalanche, ƙarƙashin Barret Wallace, ta ɗauke shi haya domin ya taya ta dasa bam a ɗaya daga cikin tashoshin. Da wannan hari wasan ke buɗewa, babu doguwar shimfiɗa. A hanya Cloud ya sake haɗuwa da ƙawarsa ta ƙuruciya, Tifa Lockhart, ya kuma gamu da Aerith Gainsborough, wata budurwa mai sayar da furanni a titi, wadda ita ce ta rage daga wata tsohuwar al'umma da ke jin maganar ƙasa.

Martanin Shinra na daga cikin wuraren da suka fi tsaya wa mutane a rai. Domin ya murƙushe 'yan tawaye ƙalilan, kamfanin ya karya ginshiƙin da ke riƙe da wani ɓangare na farantin, ya rufta shi a kan unguwa guda da mutanenta, sannan ya ɗora wa Avalanche laifin.

Daga nan labarin ya fita daga birnin, babban abokin gaba ya bayyana. Shi ne Sephiroth, gwarzon sojan Shinra da ya gano cewa shi kansa sakamakon gwajin da masanan kamfanin suka yi ne da ƙwayoyin wata halitta daga sararin samaniya. Ya ƙudiri aniyar kiran wani ƙaton dutse daga sama ya faɗo wa duniya, domin idan kogin rai ya taru wajen warkar da raunin, shi ya shanye shi. Can a tsakiyar tafiya kuma sai ta bayyana cewa Cloud bai taɓa zama zaratan soja ba. Kurtu ne kawai, wanda azabar gwaji da kunyar gazawa suka sa ya ari tarihin abokinsa Zack ya yafa wa kansa, har ya yarda da ƙaryar.

Yadda ake buga shi

Mai wasa na tafiya da jarumai uku a lokaci guda daga cikin tara da ake iya tarawa. A fagen yaƙi kowane jarumi na da ma'aunin lokaci da ke cika a hankali; idan ya cika, sai a zaɓar masa abin yi, ko sara, ko sihiri, ko magani. Abokan gaba ba sa jira, don haka jinkiri na da tsada.

Sihirin na zuwa ne ta wasu duwatsu masu ƙyalli da ake kira Materia, waɗanda ake sakawa a ramukan da ke jikin makami ko sulke. Ana iya haɗa biyu su ba da sabon sakamako, misali dutsen wuta da dutsen da ke watsa hari ga dukkan maƙiya. A nan akwai wata dabara ta marubutan: Materia daskararren Mako ne. Ke nan masu fafutikar ceto ƙasa suna yaƙi ne da abin da aka samo daga jinin ƙasar da suke karewa.

Rabuwa da Nintendo

Final Fantasy shida na farko duk a kan na'urorin Nintendo suka fito, kuma an fara tunanin na bakwai ne a 1994 a kan wannan turba, kafin a jingine shi domin ma'aikata su kammala wani wasan mai suna Chrono Trigger. Da aka dawo kansa, duniya ta sauya. Sony ya shigo kasuwa da PlayStation mai amfani da faifan CD, yayin da Nintendo ya nace wa kaset a sabuwar na'urarsa ta Nintendo 64. Faifai ɗaya na ɗaukar kimanin megabait 650. Kaset mafi girma da Nintendo 64 ta taɓa samu bai wuce 64 ba, ga shi kuma ya fi tsadar bugawa.

Sakaguchi da daraktan wasan, Yoshinori Kitase, na son hotuna masu motsi irin na fim, abin da kaset ba zai iya ɗauka ba. A farkon 1996 Square ya sanar da komawa wajen Sony. Zumuncin kamfanonin biyu ya yi tsami na tsawon shekaru, kuma wannan ƙaura na cikin abubuwan da masu tarihin masana'antar ke ambatawa idan suna bayanin yadda PlayStation ta sha gaban Nintendo 64. Sai a watan Maris na 2019 Final Fantasy VII ya taka na'urar Nintendo, a kan Switch.

Aikin ya ci ma'aikata sama da 100 da kuɗin da aka ƙiyasta sun kai dala miliyan 40, adadin da ba a saba jin irinsa ba a harkar wasanni a lokacin. Kaso mai yawa ya tafi wajen sayen kwamfutocin Silicon Graphics, irin waɗanda masu shirya fina-finan Hollywood ke amfani da su. Tetsuya Nomura ya zana jaruman, Kazushige Nojima ya yi aikin rubutun labari tare da Kitase, Nobuo Uematsu ya tsara kiɗa. Dabararsu ita ce a zana wurare dalla-dalla tun a ɗakin aiki, a ajiye su a matsayin hoto, sannan a ɗora jarumai masu motsi a kai. Shi ya sa birnin ke da kyan gani, jaruman kuwa hannuwansu kamar an sassaƙa su da icce.

Mutuwar Aerith

A ƙarshen faifai na farko, Aerith na durƙushe tana addu'a a wani tsohon birni, Sephiroth ya diro daga sama ya soke ta da takobi. Cloud ya ɗauki gawarta ya saka a ruwa. Shi ke nan.

Abin da ya girgiza masu wasa ba mutuwar kaɗai ba ce. A irin waɗannan wasanni jarumi kan faɗi a yaƙi sau da dama a tashe shi da magani, don haka kowa ya saba cewa faɗuwa ba ƙarshe ba ce. Aerith kuwa ita ce mai warkar da sauran, kuma mutane da yawa sun ɓata sa'o'i suna ƙara mata ƙarfi. Ba ta dawo ba. Gurbinta ya zauna fayau a jerin sunaye har ƙarshen wasan. Shekaru da dama jita-jita na yawo a mujallu da zaurukan intanet na wancan zamani cewa akwai ɓoyayyiyar hanyar dawo da ita, mutane suka yi ta gwadawa a banza.

Kitase da Nomura sun bayyana a hirarraki daban-daban cewa da gangan suka guje wa mutuwar jarumta irin ta fim, inda mutum ke sadaukar da kansa bayan doguwar wasiyya. Sun so ta zo kwatsam, ta bar giɓi, kamar yadda take zuwa a rayuwa. Sakaguchi ma ya danganta jigon rai da mutuwa da ke cikin wasan da rasuwar mahaifiyarsa, wadda ta faru a lokacin da yake aikin Final Fantasy III.

Karɓuwa a wajen Japan

Kafin 1997, wasannin RPG na Japan ba su da babbar kasuwa a Yammacin duniya. Uku kacal daga cikin Final Fantasy shida na farko suka isa Amurka, aka ma sauya musu lambobi: na huɗu ya zama na biyu, na shida ya zama na uku. Turai kuwa ba ta samu ko ɗaya ba. Don haka da wasan ya fito a Amurka ranar 7 ga Satumban 1997, sannan a Turai cikin watan Nuwamba, ga dubban yara a London da Paris da Berlin shi ne karo na farko da suka ga irin wannan abu.

Sony da kansa ya ɗauki nauyin fitar da shi a can, ya kuma tallata shi a talabijin kamar sabon fim, yana nuna hotuna masu motsi, ba jerin rubutu da lambobin da ke cike da ainihin wasan ba. Dabarar ta ci. Masu sharhi suka yaba da girman labarin da kyan hotuna da kiɗa. A shafin Metacritic da ke tattara makin masu sharhi yana da 92 cikin 100. A duk wasannin PlayStation ta farko, Gran Turismo na tseren motoci ne kaɗai ya fi shi ciniki. An fitar da shi a kan kwamfuta a 1998, kuma zuwa 2023 kamfanin ya ce an sayar da kwafi sama da miliyan 14. Bayansa ne kamfanonin Japan suka samu ƙarfin gwiwar fassara wasannin da a da suke ganin ba za su karɓu a waje ba.

A 2018 gidan tarihin The Strong da ke Rochester a jihar New York ya saka shi a zauren girmamawa na wasannin bidiyo na duniya. A gida Japan ma bai dushe ba: a ƙuri'ar da tashar NHK ta gudanar a 2020, ya zo na biyu bayan Final Fantasy X, Cloud kuma ya zo na ɗaya a cikin jaruman jerin baki ɗaya.

Kiɗan Uematsu ya yi tasa tafiyar. Waƙar yaƙin ƙarshe, One-Winged Angel, ta zo da muryoyin mawaƙa cikin harshen Latin, abin da ba a saba ji a wasan bidiyo ba a lokacin. Taken Aerith ya shiga jerin kaɗe-kaɗen da masu sauraron gidan rediyon Classic FM na Birtaniya suka zaɓa a 2012, a gefen ayyukan Mozart da Beethoven.

Sukar da aka yi masa

Ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa aibu a aikin ɗan Adam. Fassarar Ingilishi ta 1997 an yi ta cikin gaggawa da hannaye kaɗan, ta fito da kurakuran nahawu da jimlolin da suka ƙara dagula labarin da dama can yana da sarƙaƙiya. Ko sunan Aerith an rubuta shi Aeris, sai daga baya kamfanin ya gyara.

Suka mafi nauyi ta shafi Barret, wanda yana cikin fitattun jarumai baƙar fata na farko a wasannin Japan. Fassarar ta ba shi harshe mai zage-zage da hargowa, masu sharhi da dama suka ce an kwaikwayi ɗan wasan Amurka Mr. T ne, aka maimaita tsohon zubin baƙin mutum mai ƙarfi da saurin fushi. Masu kare shi na nuni da abin da ke ƙarƙashin hargowar: mutum ne daga garin masu haƙar kwal da ya goyi bayan a kafa tashar Mako domin yana fatan ci gaba, kamfanin ya ƙone garin, matarsa ta mutu, ya rasa hannu, ya ɗauki 'yar abokinsa yana reno. Duka ɓangarorin biyu na da hujja a cikin wasan.

Akwai kuma tambayar da ta ƙara nauyi bayan 2001: shin daidai ne a sa mai wasa ya dasa bam da sunan kare muhalli? Wasan bai wanke jarumansa ba. Can gaba wani daga cikin tawagar ya tuhumi Barret a kan fararen hular da harin farko ya kashe, kuma Barret ya amsa cewa ramuwar gayya na cikin abin da ya tura shi, ba ƙaunar ƙasa kaɗai ba.

Abin da ya biyo baya

Nasarar ta kai Square ga wani babban kasada. Sakaguchi ya jagoranci fim ɗin Final Fantasy: The Spirits Within, wanda aka yi gaba ɗaya da kwamfuta, ya fito a 2001 ya tafka asara. Daga baya ya bar kamfanin ya kafa nasa mai suna Mistwalker a 2004. Square ya haɗe da tsohon abokin hamayyarsa Enix a watan Afrilun 2003, aka samu Square Enix.

Sabon kamfanin ya ci gaba da komawa rijiyar da ta ba da ruwa: fim ɗin Advent Children a 2005, wasan Dirge of Cerberus a 2006, da Crisis Core a 2007 wanda ya ba da labarin Zack. Amma abin da masoya suka yi ta roƙo shi ne a sake gina ainihin wasan. An sanar da hakan a bikin baje kolin E3 na watan Yunin 2015. Final Fantasy VII Remake ya fito ranar 10 ga Afrilun 2020, a tsakiyar kullen korona, ya sayar da kwafi miliyan 3.5 cikin kwana uku, duk da cewa ɓangaren Midgar kaɗai ya ƙunsa. Kashi na biyu, Rebirth, ya biyo baya ranar 29 ga Fabrairun 2024. Masu sharhi sun yaba masa ƙwarai, amma kamfanin ya amsa cewa cinikinsa bai kai yadda aka sa rai ba. An tsara aikin ya kammala a kashi na uku.

Sabon zubin bai tsaya ga gyaran hoto ba. Ya shigo da wasu halittu da ke tilasta wa labarin bin tsohuwar hanyarsa, ya kuma sa jaruman suka yaƙe su, abin da ya raba kan masoya: wasu na ganin ƙarfin hali ne, wasu na ganin an taɓa abin da bai kamata a taɓa ba. Tushen gardamar dai ɗaya ne da na 1997, wato ko Aerith za ta rayu.

Me ya sa har yanzu ake maganarsa?

Wasan ya fito ne a shekarar da ƙasashen duniya suka taru a birnin Kyoto na Japan, cikin watan Disamba, suka amince da yarjejeniyar rage hayaƙi mai ɗumama yanayi. A wancan lokaci, labarin kamfanin makamashin da ya fi gwamnati ƙarfi, wanda ke haskaka gidajen sama da abin da ke kashe gonakin ƙasa, ya yi wa yara da yawa kama da tatsuniya. Waɗannan yara yanzu sun haura shekara 35, kuma da yawansu na cewa da suka sake bugawa sun tarar da wani labari daban da wanda suka sani.

Ƙarshen wasan bai ba da amsa mai sauƙi ba. Dutsen na gab da faɗowa a kan Midgar, kogin rai ya ɓullo daga ƙasa ya tare shi, haske ya rufe allo. Sai rubutu ya nuna cewa shekara 500 sun wuce. Ɗaya daga cikin jaruman, wata dabba mai magana da tsawon rai da ake kira Red XIII, ya hau tsauni tare da 'ya'yansa biyu, suka hango kangon Midgar ciyawa da itatuwa sun lulluɓe shi. Ba a nuna mutum ko ɗaya ba. Ana dai jin dariyar yara kafin allon ya mutu.